Dokin Katako Da Ƙofar Shiga: Tarihin Kai Yara Wurin Wasa Lokacin Biki

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu cewa su karatu ya fi musu daɗi.

Duk wanda yake leƙa Instagram ko TikTok a ƙarshen shekara ya san hoton nan: uwa da uba, ga ɗan tatata a kafaɗa an sa masa kunnuwan Mickey Mouse, bayansu ƙaton gini an yi masa ado da fitilun Kirsimeti. Mu ma nan muna da namu. Washegarin Sallah a ci kwalliya, a cika Keke Napep da yara, a nufi gidan zu ko wurin lilo. Sai ka ɗauka tun fil azal haka ake yi. To ba haka ba ne. Wurin wasan da aka gina musamman don uba da uwa da yaro ɗan shekara biyu su shiga tare, sabon abu ne. Kuma akwai garin da sai da aka kama mutum 283 a rana ɗaya kafin wata jaririya ta samu damar hawa dokin katako. Yau wannan tarihin za mu bi.

Mu fara daga Turai. A shekarar 1583 aka gano wani idon ruwa a cikin wani daji arewa da birnin Copenhagen na ƙasar Denmak. Ruwan cikin birni ba shi da kyau, sai mutane suka riƙa tururuwa can. Kun san halin ɗan Adam: inda jama'a ta taru mai talla zai zo, makaɗi zai zo, mai dabo ma zai zo. Wurin sunansa Bakken, har yau yana nan yana aiki, kuma shi ake ɗauka a matsayin wurin wasa mafi tsufa a duniya. A Landan kuma akwai wata kasuwar shekara-shekara ta Bartholomew, wadda aka fara tun 1133, sai a 1855 hukuma ta soke ta saboda shaye-shaye da rigima. Kun ga irin waɗannan wurare ba inda mutum zai ɗauki goyo ya je ba ne.

A 1843 wani mutum mai suna Georg Carstensen ya buɗe lambun Tivoli, shi ma a Copenhagen, da izinin Sarki Christian na 8. Ana ba da labari cewa hujjar da ya kafa wa sarkin ita ce, idan jama'a na cikin nishaɗi ba sa tunanin siyasa. Ku riƙe wannan maganar, don nan gaba za ku ga yadda tarihi ya ƙaryata ta.

Shi kansa dokin katakon nan mai zagayawa, asalinsa atisayen mayaƙa ne. Mahaya su yi sukuwa da mashi a hannu, su zare zoben da aka rataye. A 1662 Sarki Louis na 14 na Faransa ya shirya wani gagarumin wasan dawakai irin wannan a Paris, har yau filin da aka yi shi yana ɗauke da sunan wasan. Daga baya aka riƙa sassaƙa dawakan katako a rataya su jikin wani ginshiƙi mai juyawa. Da injin tururi ya zo a ƙarni na 19, sai ya karɓi aikin juyawar daga hannun mutane da dabbobi. Wato dokin da 'yarka take hawa tana ƙyalƙyala dariya, jikan dokin yaƙi ne. Mu da muka san hawan Sallah wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Daga nan sai Amurka. A baje kolin duniya na Chicago a 1893, wani injiniya George Ferris ya ƙera ƙaton lilo mai siffar tayar keke, tsayinsa kusan mita 80, da ɗakuna 36, kowanne yana cin mutum 60. Kuɗin hawa rabin dala. Bayan haka a bakin tekun Coney Island da ke New York aka buɗe manyan wurare uku: Steeplechase a 1897, Luna Park a 1903, Dreamland a 1904. A sauran garuruwa kuwa, kamfanonin ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki a cikin gari su ne suka riƙa gina wuraren wasa a ƙarshen layinsu. Dalili? Ranar Lahadi babu masu zuwa aiki, taragai wayam. To a samar wa mutane inda za su je su biya kuɗin jirgi.

Su wa ke zuwa? Akasari samari da 'yan mata ma'aikatan masana'antu, masu neman inda za su huce gajiyar mako. Akwai giya, akwai caca, akwai 'yan sane. Jariran da suka yi suna a Coney Island kuwa, ba wasa suka je yi ba, su ne abin kallon. Tun daga 1903 har 1943 wani mutum mai suna Martin Couney yake ajiye bakwaini a cikin kwalaben ɗumama jarirai, mutane su biya kuɗi su shiga kallo. Da kuɗin kallon ake biyan masu jinya, iyayen ba sa biyan ko sisi, kuma dubban jarirai sun rayu ta wannan hanyar a lokacin da asibitoci da yawa ba su da irin waɗannan na'urori. Abu ne mai ban tausayi da ban mamaki lokaci guda.

Karayar tattalin arziki ta 1929 da Yaƙin Duniya na Biyu suka kashe ɗaruruwan wuraren nan. Waɗanda suka rage suka tsufa, fenti ya kwaye, datti ya yi yawa. Da aka gama yaƙi a 1945 sojoji suka dawo gida, aka yi ta aure da haihuwa, mutane suka sayi motoci suka koma sabbin unguwanni a bayan gari. Nan fa aka samu wani sabon kwastoma da ba a cika yi wa tanadi ba: ƙaramin yaro, da iyayensa masu ɗan abin hannu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara lura shi ne Louis Koch, wani mai masana'anta a jihar Indiana, uban 'ya'ya tara. A jihar akwai wani ƙaramin gari da sunansa Santa Claus, sunan dattijon nan mai farin gemu da ake gaya wa yaran Kiristoci yana kawo musu kyauta daren Kirsimeti. Iyaye kan kai yara garin saboda sunan, su tarar babu komai sai gidan waya da 'yan gidaje. Koch ya ga yadda yara suke komawa da ɓacin rai, sai ya gina musu Santa Claus Land, aka buɗe a watan Agustan 1946. Har yau wurin yana nan, tun 1984 sunansa Holiday World. Kun ga tun daga tushe, biki da yaro da wurin wasa a ɗaure suke. A 1950 kuma aka buɗe Children's Fairyland a Oakland, inda dokar ta juye: babba ba ya shiga sai da rakiyar yaro.

Sai mai gayya mai aiki, Walt Disney. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa ranakun Asabar yakan kai 'ya'yansa mata biyu, Diane da Sharon, wurin dokin katako na Griffith Park a Los Angeles. Su hau suna zagayawa, shi kuma yana zaune a benci yana cin gyaɗa. A nan ya fara tunanin me ya sa babu wurin da babba da yaro za su ji daɗi tare. Ya ziyarci Tivoli a 1951 ya ga tsabta da furanni da fitilu, ya ce irin wannan nake so. Ya sayi gonakin lemo eka 160 a Anaheim, kusan kilomita 40 daga tsakiyar Los Angeles. Kuɗi suka gagara, sai ya ƙulla yarjejeniya da gidan talabijin na ABC: su zuba jari, shi kuma ya riƙa yi musu shiri duk mako. Shirin da kansa ya zama tallar wurin. Ginin ya ci dala miliyan 17.

Ranar buɗewa, Lahadi 17 ga Yulin 1955, wallahi iyayen da suka je da yara sun ga tasku. Ranar ta waɗanda aka gayyata ce kawai, amma aka buga tikitin jabu, mutum kusan 28,000 suka cika wurin. Zafi ya kai digiri 38. Kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba, takalman mata masu tsini suna nutsewa. Abinci ya ƙare. Masu aikin famfo sun yi yajin aiki, aka ce wa Disney ya zaɓa: ko banɗaki ya yi aiki ko famfunan ruwan sha. Ya zaɓi banɗaki. Duk wanda ya taɓa fita da yaro ɗan yaye ya san mutumin nan ya yi zaɓin hankali. Duk da wannan kwamacala, cikin mako bakwai mutum miliyan ɗaya suka shiga Disneyland.

Abin da Disney ya sayar wa iyaye shi ne kwanciyar hankali. Ƙofa ɗaya ta shiga, masu shara ko'ina, ba a sayar wa jama'a giya, ma'aikata da fara'a. Ya sayo wani tsohon dokin katako daga Toronto ta Kanada, ya ce a gyara shi yadda kowane doki zai riƙa hawa yana sauka, kada wani yaro ya samu mai tsalle wani ya samu na tsaye. Daga nan salon ya bazu: Florida a 1971, shekara biyar bayan rasuwarsa, Tokyo a 1983, Paris a 1992, Hong Kong a 2005, Shanghai a 2016.

To yanzu mu zo inda tarihin ya fi ciwo. A daidai shekarun da ake tallar wurin wasa a matsayin aljannar yara, miliyoyin yaran Amurka ba su da izinin shiga na garinsu, saboda baƙaƙen fata ne. A wasu wuraren akan ware musu rana ɗaya a shekara, a wasu kuwa ko wannan babu.

A watan Afrilun 1963 Martin Luther King yana tsare a kurkukun Birmingham, ya rubuta shahararriyar wasiƙarsa ga malaman addinin da suke ce masa ya yi haƙuri ya jira. A cikin dalilan da ya lissafa na cewa jira ya ishe su, har da 'yarsa mai shekara shida. Ta ga tallar wani wurin wasa mai suna Funtown na Atlanta a talabijin, ta ce a kai ta. Ya bayyana yadda harshensa ya sarƙe wajen yi mata bayanin cewa ba a barin yara irinta su shiga, da yadda ya ga hawaye sun cika mata ido, da yadda ya ga raina kai ya fara shiga zuciyarta. Jama'a, mutumin da yake tsayawa gaban dubban mutane ya yi magana, ga shi ya kasa amsa tambayar 'yar shekara shida.

Kafin nan, a ranar 30 ga Yunin 1960, ɗaliban Jami'ar Howard sun je Glen Echo, wani wurin wasa a gefen Washington, suka hau dokin katako suka ƙi sauka. Aka kama biyar. Suka shafe makonni suna zanga-zanga a bakin ƙofa, fararen fata na unguwar suka shigo cikinsu. A 1961 masu wurin suka buɗe wa kowa, a 1964 kuma Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa ɗaliban. Ku lura, matasa ne sa'anninmu, wasu ma ba su kai mu ba.

A Baltimore akwai Gwynn Oak. An shafe shekaru ana neman su buɗe ƙofa, suka ƙi. Ranar 4 ga Yulin 1963, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ɗaruruwan mutane suka nufi wurin, cikinsu har da fastoci da malaman Yahudawa. Aka kama 283. Hotuna suka cika jaridu, masu wurin suka sauko. Ranar da aka tsayar don buɗewa ita ce 28 ga Agustan 1963, ranar da King ya yi jawabinsa na mafarki a Washington. A wannan ranar wani magidanci, Charles Langley, ya zo da 'yarsa Sharon mai wata 11, ya ɗora ta a kan dokin katako yana riƙe da ita. Ita ce baƙar yarinya ta farko da ta hau. Ba ta iya magana ba, ba ta san an yi wani gumurzu a kanta ba. Daga baya aka kwashe wannan dokin aka kafa shi a babban filin nan na tsakiyar Washington, ba nisa da inda aka yi jawabin. Carstensen ya ce wasa yana mantar da siyasa, sai ga shi wurin wasan ya zama filin siyasa.

A ranar 2 ga Yulin 1964 aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a. Sai me ya biyo baya? Tsoffin wuraren wasa na cikin birane, waɗanda talaka yake zuwa da bas, suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya: Riverview na Chicago a 1967, Glen Echo a 1968, Euclid Beach na Cleveland a 1969, Gwynn Oak a 1973 bayan ambaliya ta lalata shi. Dalilan suna da yawa, amma masu tarihi irin su Victoria Wolcott sun nuna cewa fararen fata da dama sun ƙaurace wa wuraren da zarar an buɗe wa kowa, masu su kuma suka daina gyara. Sabbin wuraren sai aka gina su can bakin manyan tituna, inda sai mai mota. An cire allon da ya hana baƙar fata shiga, nisa da kuɗi suka karɓi aikin gadi.

Mu duba lissafi. A 1955 kuɗin shiga Disneyland dala 1 ne ga babba, wasanni a biya daban. Daga baya a shekarar aka fito da ɗan littafin tikiti na dala 2.50, shiga da wasanni takwas. Mafi ƙarancin albashi lokacin santi 75 ne a awa, wato aikin awa uku da 'yan mintoci ya isa. A 1982 aka koma kuɗi ɗaya na komai da komai. A 2016 aka fara raba farashi bisa rana: ranar da jama'a ta fi yawa ta fi tsada. A ƙarshen 2024 tikitin rana mafi tsada ya kai dala 206, mafi ƙarancin albashin Kalifoniya kuma dala 16 a awa. Kusan awa 13 kenan na aiki, na mutum ɗaya, ban da abinci da masauki. Kuma waɗanne ranaku ne mafi tsadar? Ranakun biki irin na tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da yara suke hutu, iyaye suke hutu, har wani lokacin a rufe ƙofa saboda cika. Tsallake layi ma da kyauta ne tun 1999, amma daga 2021 sai ka biya.

Yaron da bai kai shekara uku ba, kyauta yake shiga. Kada ku ɗauka sadaka ce. Ɗan tatata ba ya zuwa shi kaɗai, yana jawo manya biyu ko fiye. Manyan wasannin kuma akwai sandar awon tsayi a bakin ƙofa, shi bai kai ba. Ga shi masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da tabbatar da cewa da wuya babba ya tuna abin da ya faru da shi kafin shekara uku. Shi ya sa duk shekara ake wannan gardamar: to me ye amfanin kai shi?

Ni na ga amfanin da idona. Da Babbar Sallar da ta wuce muka kwashi yaran gidanmu zuwa wani wurin wasa a garinmu, har da 'yar yayata mai shekara biyu da 'yan watanni. Layi kamar na mai, rana kamar ta tsage kai, janareta ya mutu sau biyu, rabin kayan wasan a lalace. Ita ba ruwanta. Da ta hango dokin katako sai ta ja min riga tana cewa "Kawu, doki, doki!" Na ɗora ta na riƙe, ta yi zagaye uku tana ihu. Ƙila ba za ta tuna ba, amma a wannan minti biyar ɗin duniya ta gaya mata cewa akwai wurin da aka gina don ita. Da muka fito, ga yara jingine da waya a waje, wasu da kwanon bara, wasu da tiren fiya wata a kai, sun zuba ido suna kallon masu zagayawa. Su kuma duniya wani abin ta gaya musu, kuma shekarunsu sun kai na tunawa.

Ba mu da allon wariyar launi, alhamdulillahi. Kuma akwai lokacin da hukumominmu suka ɗauki shaƙatawar talaka a matsayin aikinsu. Gidan zu na Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka yi shi, farkon shekarun 1970, kuma har yau da Sallah cika yake maƙil. A Yamai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, yana da nasa ɓangaren dabbobi da iyalai suke zuwa. A Abuja an buɗe Millennium Park a Disambar 2003. Amma ku ƙirga yawan yaran da aka haifa tun lokacin, ku ƙirga filayen wasan da aka ƙara. A unguwarmu filin da muka yi langa da ƙwallo muna yara, yanzu jerin shaguna ne. Na san da yawanku labarinku kenan.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta lissafa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Nijar ta amince da ita a 1990, Najeriya a 1991, kuma Najeriya ta yi nata dokar kare haƙƙin yara a 2003. Idan ka ɗaga maganar filin wasa a taron unguwa, wani dattijo zai ce maka: ɗana, ana ta kai wa yake ta kaya? Ga yunwa, ga rashin tsaro. Gaskiya ne, kuma King ma yana da manyan matsaloli, ana jefa bam a gidaje da coci-coci, amma bai ga ƙanƙantar hawayen 'yarsa ba.

Ba Disneyland muke nema ba. Fili ne mai katanga da inuwa, lilo huɗu, famfo, banɗaki mai ruwa, a inda uwa za ta iya takawa da goyo ta je ba tare da ta biya kuɗin mota ba. Mu je ofishin tsara birane mu nemi taswirar unguwarmu, mu ga inda aka ware wa yara, mu ga abin da yake wurin yanzu. Mu tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce. Masu wuraren wasa na kuɗi kuma, me zai hana a ware sa'o'i ko rana guda cikin bikin Sallah ko Kirsimeti a bar marayu da yaran talakawa su shiga kyauta? Wanda Allah ya hore masa zai kai nasa, ya ƙara da ɗan maƙwabci ɗaya.

Ku faɗa mana, a unguwarku ina ake kai yara, kuma nawa ne kuɗin shiga? Wanda ya san filin wasan da aka mayar wani abu daban, ya ba mu labari, za mu tattara mu kawo a wani shirin. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su.